Goro daga kurmi, dabino daga hamada, mu kuma ga mu a tsakiya

Kwanan baya ɗan yayata ya shigo gida da kayensa na lakwal, fuska a murtuke, wai mushensu ya ba su aiki su zana taswirar duniya su shafe ta da launi-launi, kore mai duhu nan, kore mai haske can, rawaya, ruwan toka, fari. Ya zauna bisa tabarma ya shafe Amurka ya shafe Rasha, da ya zo kan Nijar sai ya tsaya, ya ce kawu mu Maradi a wane launi muke? Na duba littafin da yake kwafa, wallahi daidai kan layin da ya raba rawaya da kore aka ɗiga garin namu, kamar da gangan. Na ce mashi tashi ka ɗauko mini faifan goron kakarka, da ragowar dabinon azumi da ke cikin kwalla, ka haɗo da tiyar hatsi, mu fara daga nan.

Abin da ake koya masu, masana suna ce mashi biyom, ni dai shiyyar tsiro nake ce mashi don shi ya fi zama a baki. Ana nufin wani babban yanki na doron ƙasa inda yanayi ya tilasta ma itatuwa da ciyayi da dabbobi su ɗauki kama iri guda, ko da kuwa babu dangantaka tsakaninsu. Misali ƙerana tamu ta nan Afirka da kaktus na Meziko, in ka gan su a hoto sai ka rantse wa da ƙane ne, jiki mai kauri cike da ruwa, ga ƙaya, babu ganye, alhali danginsu daban ne kwata-kwata, ƙishirwa ce kawai ta yi masu ɗinki iri ɗaya. Adadin shiyyoyin kuma kowa da lissafinsa, wani littafi ya ce 8, wani ya ce 9, ƙungiyar kare namun daji da muhalli ta duniya, WWF, ta kai su 14, wannan duk gardamar malamai ce kan inda za a ja layi. Bahaushe kuwa ya san abin tun kafin a rubuta shi, don duk fataucinmu a kansa aka gina. Goro ba ya yi a Maradi, sai kurmi, shi ya sa kakanni suka riƙa taka sayyada har Gwanja. Dabino da gishiri sai Bilma da Fashi, ayarin raƙuma ya kawo ya koma da hatsi. Wato kowace shiyya tana da abin da take iyawa da abin da ya gagare ta, mu kuma da ke tsakiya muka zama dillalai.

To mi ke raba su? A taƙaice abu biyu, ruwa da zafi. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Whittaker ya yi wani zane wajen shekarun 1970 wanda har yau shi ake koyarwa, gefe ɗaya zafin shekara, ɗaya gefen ruwan shekara, ka faɗi lambobi biyun nan na kowane gari sai a nuna maka irin dajin da za ka tarar. Zanen yana aiki, amma ni a ganina ya ɓoye abin da manomin Gidan Rumji ya fi kowa sani, wato ba yawan ruwan kaɗai ba, yaushe ya zo, kuma nawa rana ta shanye. Ka ɗauki Landan. Ruwan da take samu a shekara wajen milimita 600 ne. Maradi kuma wajen 500, wata shekara ya haura wata shekara ya gaza. Tazarar ba wata babba ba ce, amma can kore shar shekara duka, mu nan daga Nuwamba zuwa Mayu ƙura ce har cikin hura. Dalili shi ne nasu yayyafi ne da ake rarraba masu cikin wata 12 a ƙarƙashin rana mai sanyi, mu namu ana juye mana shi cikin wata uku zuwa huɗu, wani lokaci dare ɗaya ya sauke abin da ya kai na wata guda ya rushe katangu ya cika Gulbi ya wuce, sannan a bar mu da rana mai haura digiri 40 a Afrilu da Mayu tana tsotse duk abin da ya rage.

Sai tambaya ta gaba, don mi ruwan yake raguwa kullum in ka nufi arewa? Duk direban kamiyo da ya taɓa ɗauko kaya daga Fatakwal ya san wannan da idonsa. Can ruwa ya haura milimita 2000, ka iso Kaduna ya dawo dubu da wani abu, Kano wajen 800, ka ƙetare Jibiya da Ɗan Isa ka shigo wajenmu 500, Agadas ɗari da 'yan kai, Bilma kuwa ko 20 ba ta cika samu ba. Abin da ke faruwa shi ne rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wurin layin ikwaita, iskar wurin ta yi zafi ta tashi sama ɗauke da tururin teku, tana hawa tana hucewa sai ta zubar da ruwanta a nan take, shi ya sa kurmi yake wurin. Iskar da ta rage, wadda aka riga aka tatse, sai ta bazu arewa da kudu can sama, ta je ta sauko wajen layin digiri 30 na taswira, arewa da kudu da ikwaita, tana saukowa tana ƙara zafi tana ƙara bushewa, hadari ba ya haɗuwa a ƙarƙashinta. Duba taswira ka gani, Sahara, hamadar Larabawa, ta Ostireliya, Namib da Kalahari, duk a layin nan suka jeru kamar sahun salla. Wani Bature ɗan Ingila, George Hadley, shi ya fara bayanin wannan zagayen iska tun 1735. Kuma tunda duniya a karkace take da wajen digiri 23 da rabi, wannan ɗamarar ruwa ta wajen ikwaita ba ta zama wuri ɗaya, tana bin rana, ta hau arewa ta sauka kudu. Damanarmu ba komai ba ce illa gefen zanen ɗamarar nan da ke shafo mu daga Yuni zuwa Satumba. In ta hau sosai mu cika rumbu, in ta yi ƙasa-ƙasa da 'yan kilomitoci kaɗan sai a fara maganar anza.

Kurmi shi ne wanda kowa ke sha'awa a talabijin. Manyansa uku ne, Amazon a Kudancin Amurka wanda ya haura murabba'in kilomita miliyan 5, wato ya ninka Nijar sau huɗu da wani abu, sai na kwarin Kwango, sai na tsibiran Indunusiya da Malesiya. Itatuwa suna kai mita 40, 50, kawunansu sun haɗe sun yi rumfa, hasken da ke isa ƙasa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ka shiga da tsakar rana kamar magariba. Bai kai kashi 10 cikin ɗari na doron ƙasa ba amma ana ƙiyasin wajen rabin nau'o'in halittun tudu a cikinsa suke. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi. Mu da muke ganin kore sai mu ce ai wannan ko tsinke ka soka zai tsiro, ashe dukiyar duk tana jikin itatuwan ne, ganye yana faɗuwa zafi da laima su ruɓar da shi nan da nan, saiwoyi su sake zuƙe shi, ruwan sama kuma kullum yana wanke abin da ya saura. Ka sare dajin ka yi gona, shekara biyu uku ta ba ka, daga nan ta zama jar ƙasa mai tauri. Wani abin dariyar, ƙurar hunturun nan da muke tsine mawa, wadda ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, iska tana ɗaukar miliyoyin tan nata ta ƙetare tekun Atlantika ta zuba a Amazon, kuma akwai sinadarin fosfora a ciki, wanda shi ne takin da kurmin ke ƙaranci. Wato muna tari da mura a Maradi, Barazil tana samun taki kyauta.

Kurmi kuma shi ya ja ma tarihinmu layi. Ƙudan tsando yana son inuwa da laima, shi ke sa ma shanu sammore, yana kashe dawaki. Shi ya sa dawakin sarakunan arewa ba su iya zama cikin kurmi ba, kuma shi ya sa tun da can Bafulatani yake gangarawa kudu da rani ya gudo arewa in damana ta faɗi.

Daga kurmi in ka fito sai dajin ciyawa da itatuwa jefi-jefi, wanda ake ce ma sabana, kuma nan ne gidanmu don haka bari in ɗan zauna. Shi ma hawa-hawa ne. Na kudu, wajen Neja da kudancin Kaduna da tsakiyar Binin, gamba tana fin mutum tsawo, ga kaɗanya ga ɗorawa ga doya. Na tsakiya shi ne na Kano da Katsina da kudancin jiharmu, Madarunfa da dajin Baban Rafi, inda kuka da tsamiya da gawo da marke suke, dawa da hatsi da gyaɗa. Ka wuce Dakoro kuma ka shiga Sahel sosai, ganye ya ƙanƙance ƙaya ta yi yawa, aduwa, magarya, ɗakwara, ga ƙarangiya mai manne ma wando, har masana suna amfani da ita a matsayin alama, inda ƙarangiya ta ƙare nan Sahara ta fara. Kalmar Sahel ɗin ma Larabci ce, gaɓar teku take nufi, wato su matafiyan da suka ƙetaro rairayi sun ɗauki hamada teku, mu ne gaɓa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da masu zuwa da furoje daga waje, shi ne sabana ba kurmin da ya lalace ba ne. Haka Allah ya yi shi, kuma da dokarsa. Dogon rani, gobarar daji, da bakin dabba, su uku ne ke hana itatuwa haɗewa su bar ma ciyawa wuri. Duk abin da ke rayuwa a nan ya koyi haƙuri da wata takwas babu ɗigo. Kuka tana tara ruwa a cikinta. Ciyawa tana mutuwa ta bar iri cikin rairayi yana jira. Sabara da kalgo da geza kuwa rabin rayuwarsu a ƙarƙashin ƙasa take, ka sare su ka ƙone su, saiwar tana nan da ranta. Gawo shi ya fi kowa wayo, ya juya kalandar baki ɗaya, da damana lokacin da kowa ke ganye shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, hatsin da ke gindinsa ya samu rana ya samu taki, da rani kuma in kowa ya bushe shi sai ya yi kore ya zubo 'ya'ya ma awaki, don saiwarsa ta kai ga ruwan ƙasa. Je gonar da ke da gawo a watan Agusta ka tsaya ka duba, hatsin gindinsa ya fi na fili duhu da tsawo, zangarniyar ma ta fi kauri, kamar an zana da'ira. Irin wannan daji ne a Serengeti ta Tanzaniya inda dabbobin dawa sama da miliyan ke ƙaura suna bin ruwa kowace shekara, shi ne a Barazil inda suke ce mashi sehado kuma yanzu an mayar da babban ɓangarensa gonakin waken soya, shi ne a arewacin Ostireliya. Mu namu namun dajin yawancinsu sun tafi tuni, sai raƙuman dawa na Kure, waɗanda a 2018 aka ɗebo 8 daga cikinsu aka kawo gandun Gadabeji nan arewacin jiharmu.

Hamada a wajen masana ba rairayi ba ce kuma ba zafi ba ce, duk inda ruwan shekara bai kai milimita 250 ba sunansa hamada. Don haka Gobi ta Mongoliya da Sin, inda sanyi ke daskarar da komai, hamada ce. Antatika ma da duk ƙanƙararta hamada ce, ita ce ma babba. Atakama ta Cile tana bakin teku amma akwai wuraren da ake shekaru ba a ga ɗigo ba. Sahara kanta, mai murabba'in kilomita wajen miliyan 9, tudun rairayi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu nata ba, saura duwatsu ne da tsakuwa. Kuma ba haka take tun fil azal ba, wannan shi ne wurin da na ga idon yaron ya buɗe. Tsakanin shekaru kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce, da tafkuna da kifi da dorina. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse, babban ya kusa mita 6. A Gobero cikin Tenere, a shekara ta 2000, masu neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe sun ci karo da maƙabartar mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi, a wurin da yau ko tsuntsu sai ya yi guzuri. Ɗan canji ne a yadda duniya ke juyawa ya ja ɗamarar ruwan nan ta hau arewa, da ya koma sai ta sauko. Iccen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a tsakiyar rairayi har mota ta buge shi a 1973, wanda gangar jikinsa ke gidan tarihi na Yamai, ana ɗaukarsa ragowar itatuwan lokacin da wurin bai kai haka bushewa ba.

In ka ƙetare hamadar ka ɓulla gaɓar Aljeriya ko Tunisiya ko Maroko sai ka tarar da duniya a juye, 'yan uwanmu da suka je ci-rani can sun sani, ruwa da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuma fari ƙal. Shiyyar Bahar Rum kenan, ta zaitun da inabi da ɓaure, itatuwa gajeru masu ganye mai tauri. Wuri biyar kawai take a duniya, kewayen Bahar Rum ɗin, Kalifoniya, tsakiyar Cile, kusurwar Afirka ta Kudu wajen Kef, da kudancin Ostireliya, kuma duk biyar ɗin gobarar daji ce ciwonsu.

Gaba da nan, cikin tsakiyar manyan nahiyoyi inda teku ta yi nisa, akwai wani dajin ciyawar amma mai sanyi, babu icce sai bakin rafi. Shi ne filayen Yukiren da kudancin Rasha da Kazakistan, da tsakiyar Amurka da Kanada, da Ajantina. Kishiyar kurmi ne ta wajen ƙasa, don a nan dukiyar a cikin ƙasa take, dubban shekaru saiwar ciyawa tana mutuwa sanyi yana hana ta ruɓewa da sauri, har ta tara baƙar ƙasa mai zurfin mita guda ko fiye. Babban rabo na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya daga nan yake fitowa, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022 mai shayi a tashar Maradi ya ji a jikinsa ta wajen fulawa da burodi. Mutanen irin waɗannan filaye su ma sun taɓa ɗanɗana irin tamu. A shekarun 1930 Amurkawa sun kafta filayen nan da garmar inji suka tuge ciyawar da ke riƙe ƙasa, fari ya zo, iska ta kwashe gonaki ta yi duhu da rana tsaka, dubban iyalai suka yi hijira. Ashe ba baƙar fata kaɗai ke kashe gona ba.

Dajin Turai da gabashin Amurka da gabashin Sin ba zan daɗe a kansa ba, itatuwa ne masu faɗin ganye da ke kaɗe shi in sanyi ya zo, kamar yadda namu ke kaɗewa in rani ya zo, dalilin ma kusan ɗaya ne, ruwan da ya daskare saiwa ba ta iya sha. Mafi yawansa an sare shi tun ɗaruruwan shekaru an yi gonaki da birane, wannan ma yana da kyau a riƙa tunawa in ana yi mana wa'azin sare icce.

Can sama kuma sai taiga, wadda ita ce shiyyar daji mafi girma a tudu, ta ɗauro daga Nowe da Suwidin da Finlan ta ratsa Rasha duka ta ƙetara Alaska da Kanada. Itatuwa ne masu ganye kamar allura, nau'i kaɗan amma ba iyaka, ka yi kwana da kwanaki cikin jirgin ƙasa kana ganin abu guda. Sanyin Sabiriya ya taɓa kai digiri 67 ƙasa da sifiri a garin Barkoyansk, mu da digiri 12 na watan Janairu ke sa mu ƙin wanka. Bayan taiga sai tundura, inda icce ya sallama, sai gansakuka da 'yan ciyayi masu rarrafe, don ƙasar daga ɗan zurfi kaɗan a daskare take shekara da shekaru, saiwa ba ta ratsawa. Abin da ke sauka daga sama a wurare da yawa can bai fi na Agadas da wani abu ba, amma in zafi ya ɗan leƙo sai wurin ya zama fadama, tunda ruwan ba ya nutsewa kuma rana ba ta shanye shi. Ka ga maganar Landan ta sake dawowa. Akwai makiyaya a can, ƙabilun Sami da Nenet, masu bin garken wata irin barewa mai rassan ƙaho daga makiyayar sanyi zuwa ta zafi, in ka cire rigar fata da ƙanƙara rayuwar Wodaɓen Bermo ce sak. Yanzu yankin yana ɗumama fiye da sauran duniya ninki uku zuwa huɗu, Barkoyansk ɗin nan ta ga digiri 38 a Yunin 2020, daskararriyar ƙasar tana narkewa tana sakin iskar da ke ƙara ɗumamar.

Dutse kuma yana karya duk wannan tsari, don duk mita 1000 da ka hau zafi yana sauka da wajen digiri 6. Kilimanjaro mai mita 5,895, gindinsa sabana, tsakiyarsa kurmi, kansa ƙanƙara, a kusa da ikwaita. Ba sai mun je nesa ba ma, dutsen Bagzan a Ayar ya haura mita 2000, shi ya sa a tsakiyar hamada ake noma dankalin Turawa da tafarnuwa, Timiya kuma ta aiko mana da lemu da rumman.

Yanzu mu dawo kan layin da yatsan yaron ya tsaya. A littafi siririn layi ne, a ƙasa kuwa faɗinsa ya kai tafiyar yini a mota kuma ba ya zama wuri ɗaya. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka ta ja iyakar noma ta arewa, a wajenmu kusan kwarin Tarka, aka ce daga nan zuwa sama na makiyaya ne. Amma an ja layin ne bayan shekarun 1950 masu ruwa sosai. Sai ga farin 1973, sai na 1984, layukan ruwa suka zamo kudu da fiye da kilomita 100, tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ɗan kaɗan, mutane kuma suna ƙaruwa gonaki suna hawa arewa suna ƙetare layin dokar, rabin rigimar manoma da makiyaya daga nan take. A lokacin ne maganar hamada tana tahowa ta cika rediyo, kamar wata rundunar yaƙi mai cin kilomita kaza a shekara. A nan Maradi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayun 1984 zamanin Seyni Kunce. Daga baya hotunan tauraron ɗan adam suka nuna bakin Sahara gaba yake yi yana baya, shekarar ruwa ya ja da baya, shekarar fari ya matso. Abin da ke kashe ƙasa a wajenmu yawanci ba tudun rairayi ba ne da ke tasowa daga arewa, daga cikin gona yake farawa, an share ta ƙal, an kwashe kara, iska ta ɗauke ƙasar sama, sai faƙo.

Maganin da aka fara kawowa kuwa dabarar wata shiyya ce. A ƙasar da ruwa ke sauka shekara duka, ka reni icce a leda ka dasa shi ya kama. Aka kawo mana hakan, gandun reno, turare da bedi, a dasa ranar 3 ga Agusta a yi tafi a ɗauki hoto, kafin Afrilu rana da awaki da gara sun gama da mafi yawansu. Bedi dai ya kama a cikin gari inda ake ba shi ruwa, shi ne inuwar titunanmu, amma a gona labari ya sha bamban. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki nan Maradi, shi da kansa ya sha ba da labarin yadda a 1983, bayan ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya tsaya a hanya yana rage iskar taya don ya wuce rairayi, sai ya lura da 'yan kumbuna da ke ko'ina cikin gonaki, ya duba ganyen ya ga ashe ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne da aka sare suna tohowa, kowace shekara ana sake sassabe su. Dajin yana nan a ƙarƙashin ƙasa da saiwarsa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse saura. Shi ne sassabin zamani. Ni dai ina ganin ana yawan ba Bature ladan duka, alhali barin gawo a gona tsohon abu ne, har ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo, kuma abin da ya hana mutane barin icce shi ne dokar da ta ce icce na gwamnati ne, ka rene shi a gonarka ka sari reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to wa zai reni abin da zai ja mashi tara? Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata iccen nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da wani kuɗi mai yawa ba. Ƙiyasin da aka yi ya nuna wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda aka ce za ta tashi daga Senegal zuwa Jibuti wajen kilomita 8000, ita ma a hankali ta bar maganar jera dashe a layi ta koma kan irin wannan.

Ba wai an gama ba ne. Duk safiya amalanke da motoci suna shigowa gari da iccen girki daga wajen Baban Rafi, garin yana ƙara girma, gas bai kai ga kowa ba, goribar Gulbin Kaba ana yanke kabarta tun tana ƙasa ba a barin ta ta tashi. Ruwan kuma ya ɗan dawo tun shekarun 1990 amma ya dawo da wani hali, ya yi kwana 20 bai zo ba hatsi ya fara naɗewa, sannan ya zo gaba ɗaya ya ci gidaje.

Yaron dai da ya gaji da surutuna sai ya shafe kudancin Nijar da rawaya, ya ɗauki koren alƙalami ya bi shi da ɗige-ɗige tun daga Gaya har Magariya, ya ce gawo ne. Goron kuma kakarsa ta aiko a mayar mata da abinta. Da aka raba kaye mushe ya ba shi 12 bisa 20, ya rubuta da jan biro a gefe cewa babu wannan launin a littafi.